Sakamakon TWBC: kurakuran da aka fi yi wajen karanta adadin fararen ƙwayoyin jini, da gyaransu

A Sudan, daga Gadarif zuwa Sinnar, daga Kasala zuwa Damazin, duk mai zazzaɓin da ya shiga ma'amal, wato ɗakin gwaje-gwaje, gwaji uku ake fara rubuta masa: na maleriya, na taifod, sai TWBC, wato jimillar fararen ƙwayoyin jini. Biyun farko kowa ya san abin da ake nema a cikinsu. Na ukun ne ake yi wa karatun da ba nasa ba. Da zarar lambar ta haura 11,000 sai a ce akwai iltihab, wato ƙwayar cuta ta shiga jini, a zarce sedaliyya, shagon magani, a sayo alluran mudad, maganin kashe bakteriya. Idan ta sauka ƙasa da 4,000 sai a ce garkuwar jiki ta karye, a shiga neman bitamin, wani ma ya kwana yana tunanin sankara.

Wannan lamba ba ta faɗin sunan cuta. Abin da take faɗi kawai shi ne yawan fararen ƙwayoyin da ke yawo a cikin jini a daidai lokacin da aka ɗebe shi, kuma wannan yawan yana hawa da sauka cikin awoyi. A ɓargo ake yin ƙwayoyin. Mafi yawansu, waɗanda ake kira niyutirofil, ba sa cika kwana guda a cikin jini kafin su fita zuwa tsoka da sauran sassan jiki. Wajen rabinsu ma ba sa yawo, suna manne ne a bangon jijiyoyi, allurar ɗiban jini ba ta kamo su. Mutum ya yi gudu, ko ya firgita, ko ciwo ya tsananta masa, sai su saki bangon su faɗo cikin jini, lambar ta tashi cikin mintuna ba tare da ƙwayar cuta ko guda ta shiga jikinsa ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane tushen yawancin kurakuran da ke tafe.

Ruɗewa da ma'auni

Wani ma'amal zai rubuta 7,500, wani 7.5, duk abu ɗaya ne. Na farko ya ƙirga a kowace maikirolita ko cmm, na biyu ya taƙaita da dubu-dubu, za ka ga 10^3/µL ko 10^9/L a gefe. Ga babban mutum, 4,000 zuwa 11,000 shi ne iyakar da aka fi amfani da ita, wasu ɗakunan gwaji suna tsayawa a 10,000. Harafin H (sama) ko L (ƙasa) da na'ura ke bugawa a gefe yana nufin an fita daga iyakar da aka saita mata ne kawai. Ana tsara wannan iyaka ne ta yadda za ta ɗauki mutum 95 cikin masu lafiya 100, ke nan biyar daga cikinsu za su faɗo waje alhali lafiyarsu ƙalau. Don haka 11,300 ko 3,900 a jikin wanda ba ya jin komai ba abin tayar da hankali ba ne.

Karanta jimilla a bar rabe-raben, ko karanta kaso a bar ainihin adadi

Fararen ƙwayoyin iri biyar ne, kowanne da aikinsa. Niyutirofil, NEUT a takarda, su ne masu tunkarar bakteriya, adadinsu a babba kamar 2,000 zuwa 7,500. Limfosait, LYM, su ne na bairas da garkuwa mai daɗewa, 1,000 zuwa 4,000. Monosait 200 zuwa 800 ko 1,000. Iyosinofil ba sa wuce 500, basofil kuwa da wuya su kai 100. Mutum biyu na iya zuwa da TWBC 15,000, ɗaya niyutirofil ne suka cika jininsa saboda ciwon huhu, ɗayan iyosinofil ne saboda tsargiya. Lamba ɗaya, magani daban. Shi ya sa gwajin TWBC shi kaɗai, ba rabe-rabe, rabin bayani ne. Inda hali ya samu, a nemi CBC, wato cikakken gwajin ƙwayoyin jini.

Ko an samu rabe-raben ma akwai tarko. Ido yana fara sauka ne a kan kaso cikin ɗari, alhali kaso yana yaudara, domin idan iri ɗaya ya ragu dole kason sauran ya tashi ko da ba su ƙaru da ƙwaya ɗaya ba. Gyaran lissafi ne mai sauƙi: a ninka jimillar da kason, a raba da 100.

Ga misali. TWBC 3,000, LYM kashi 60, NEUT kashi 30. Na'ura za ta buga H a gaban limfosait, mai takarda ya tafi yana cewa limfosait ɗinsa sun yi yawa. A lissafa: kashi 60 na 3,000 shi ne 1,800, daidai yake. Kashi 30 na 3,000 kuwa 900 ne, nan matsalar take, niyutirofil ne suka yi ƙasa. Ga kishiyarsa: TWBC 20,000, LYM kashi 12, an buga L. Kashi 12 na 20,000 ya ba da 2,400, babu abin da ya samu limfosait, niyutirofil ne suka yi yawa har suka danne kason. Na'urori da yawa sun riga sun yi wannan lissafin, suna buga shi a layin da ke da alamar # kamar NEUT# da LYM#. Shi za a duba kafin layin %.

Sai kuma a san irin na'urar. Yawancin ƙananan ma'amal na garuruwanmu suna aiki da mai raba ƙwayoyin gida uku: LYM, sai NEUT ko GRAN, sai MXD ko MID. Wannan na ƙarshe kwandon tarkace ne, a ciki ake zuba monosait da iyosinofil da basofil, har ma da baƙin ƙwayoyin da na'urar ta kasa ganewa. Idan MXD ya yi sama sosai, ko na'urar ta bar layin babu lamba sai ɗigo-ɗigo ko taurari, ba a wucewa a ce ba komai. A nemi a shafa jinin a gilashi, a rina, a duba da madubin likita, a ƙirga ƙwaya 100 da ido.

Ɗaukar kowane hawa a matsayin iltihab mai neman mudad

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane, ya fi kuma yin ɓarna. Gaskiya ne ciwon huhu, da ciwon mafitsara da ya hau ƙoda, da maruru, da kumburin zayida, wato afendiks, suna tayar da niyutirofil. Amma abubuwan da ke tayar da su ba tare da bakteriya ba suna da yawa, kuma kullum ana cin karo da su.

Na farko juna biyu. Mai ciki a watannin ƙarshe tana iya kaiwa 15,000 ko 16,000 lafiya lau. A lokacin naƙuda da kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa lambar na iya kaiwa 20,000 har 25,000, sannan ta sauka a hankali cikin makonnin jego. Abin da ke nuna cuta a jikin mai jego zazzaɓi ne, da warin jinin biƙi, da ciwon mara mai ƙaruwa, da kumburin nono mai ja da zafi, ko ɗinkin tiyata da ke fitar da ruwa. Idan babu ko ɗaya, 17,000 a rana ta biyu ba dalilin ɗaura mata alluran kwana bakwai ba ne.

Na biyu yarinta. Jariri ranar haihuwarsa yana tsakanin 9,000 da 30,000. Ɗan shekara guda 6,000 zuwa 17,500, ɗan shekara shida kamar 5,000 zuwa 14,500, sai wajen balaga ake daidaita da manya. Kuma tun daga makonnin farko har zuwa shekara huɗu ko biyar limfosait ne suka fi niyutirofil yawa a jinin yaro, kashi 60 ba baƙon abu ba ne. Matsalar ita ce na'urori da yawa iyakar manya aka saita musu, ita suke bugawa a takardar kowa. Uwa ta ga 14,000 da H a takardar ɗanta mai wata goma da ke fama da mura, hankalinta ya tashi, alhali lambar tana cikin iyakar shekarunsa. A tabbatar an rubuta shekarun yaro a takardar neman gwaji, a kuma tambayi likita iyakar yara. Amma a kula da ɗaya gefen: jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ya saki, asibiti za a kai shi nan take, ko me TWBC ya nuna.

Na uku magungunan kotizon: deksametazon, firednisolon, haidirokotizon. Awa huɗu zuwa shida bayan allura ko ƙwaya niyutirofil sun tashi, limfosait da iyosinofil sun faɗi. Mai asma da aka yi wa allura jiya da dare zai zo da 16,000 yau da safe. Haka matan da ke shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake sayarwa a ɓoye, domin da yawansu deksametazon ne. Muna roƙon 'yan'uwa mata su faɗa wa likita gaskiya a kan wannan, ba don a zarge su ba. Maganin yana tayar da lambar, yana kuma raunana garkuwa ya ɓoye zazzaɓi, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a tsayar mata da shi dare ɗaya, sai an rage a hankali.

Sauran sun haɗa da shan taba da shisha, wanda ke riƙe lambar a sama kaɗan shekara da shekaru; ƙuna, karaya, tiyata, zubar jini, farfaɗiya da ta tashi yanzu, bugun zuciya, hawan sukari mai tsanani, da wanda aka cire wa saifa. Masu amosanin jini kuwa, wato sikila, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu, da yawansu 12,000 zuwa 15,000 ne adadinsu na yau da kullum ko suna cikin ƙoshin lafiya. Abin da ke da amfani gare su shi ne sanin lambar da suka saba da ita, don a gane ranar da ta sauya. Zazzaɓi kuwa a jikin mai sikila abin gaggawa ne ko lambar ba ta motsa ba.

Gyaran duka shi ne a tambaya: ina cutar take? Bakteriya tana da mazauni, huhu ne, ko mafitsara, ko fata, ko kunne, ko ciki, kuma mazaunin yana da alamunsa da gwajinsa. Likitan da ya ga 14,000 ya saurari ƙirji, ya danna ciki, ya duba maƙogwaro da fitsari, shi ne ya karanta takardar. Ana rubuta mudad ne don cutar da aka gano ko aka yi kyakkyawan zatonta, ba don a sauko da lamba ba. Alluran seftiriyazon da ake yi barkatai kan kowane TWBC mai H suna cikin abin da ke sa magungunan daina aiki ranar da ake matuƙar buƙatarsu.

Samun natsuwa don lambar ta fito daidai ko ƙasa

Wannan ya fi na baya haɗari, kuma a Sudan musamman, domin manyan zazzaɓin ƙasar nan akasarinsu ba sa tayar da fararen ƙwayoyi. Maleriya takan bar su daidai ko ta ɗan rage su, abin da ta fi ragewa shi ne PLT, ƙwayoyin daskarar da jini. Taifod ma haka, daidai ko ƙasa, sau da yawa iyosinofil su ɓace gaba ɗaya. Saboda haka idan aka ce wa mutum taifod ne bisa gwajin Widal kaɗai, ga kuma TWBC 18,000, a sake neman wani dalilin, don Widal yana yawan fitowa da alama a jikin wanda ya taɓa cutar tun tuni. Idan kuwa taifod ɗin tabbas ne, sai a mako na biyu ko na uku ciki ya ɗaure da ciwo mai tsanani lambar ta yi tsalle, ana tsoron hanji ya huje, aikin likitan tiyata ne a daren.

Maltiyya, wato cutar burusela, wadda ake ɗauka daga ɗanyen nonon da ba a tafasa ba ko taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi, TWBC kuma daidai ko ƙasa. Mutum zai yi watanni ana ce masa jininsa lafiya. Gwajinta daban ne, maganinta kuma iri biyu ne a haɗe na aƙalla mako shida.

Dengi, da ya sha ɓarkewa a Kasala da Bur Sudan da Gadarif, yana fara sauko da fararen ƙwayoyi a kwanakin farko, 2,500 ko 3,000 ba abin mamaki ba ne, sannan PLT su biyo baya. Ƙarancin fararen ba shi ne abin tsoro ba, da kansu suke dawowa. Lokacin haɗari shi ne sa'ad da zazzaɓin ya fara sauka, tsakanin rana ta uku da ta bakwai. A nan ake bin PLT da HCT, ma'aunin kaurin jini, kullum, ana lura da ciwon ciki, da amai ba tsayawa, da jini a dasashi ko hanci. Farasitamol kaɗai ake sha, ban da asfirin da ibufurofen da dikulofenak.

Sai kala'azar. Duk wanda ya yi noma ko kiwo ko ya zauna a ƙauyukan jihar Gadarif, wajen kogin Atbara da Rahad, ko yankunan Sinnar da Nilu mai shuɗi inda baƙar ƙasa mai tsagewa da dazukan talha da aduwa suke, ya kamata ya san wannan hoton: zazzaɓi ya wuce mako biyu, an sha maganin maleriya bai ji ba, jiki yana ramewa, saifa ta kumbura ana taɓa ta a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, a takarda kuma layuka uku duk sun faɗi tare, Hb, wato ma'aunin ƙarfin jini, da TWBC da PLT. Irin wannan takarda ba ta ƙarin jini da bitamin ba ce. A nemi gwajin rK39, kuma idan bai nuna ba kada a rufe maganar, domin a yankinmu yana kuskure wasu masu cutar; akwai gwajin DAT, akwai ɗiban ruwan kaluluwa. Cutar tana warkewa da alluran kwana 17, amma idan aka bar ta kusan kullum kisa take yi.

Ko bakteriyar da ta saba tayar da lamba ma, idan ta yi ƙarfi ta mamaye jini, tana cinye niyutirofil fiye da yadda ɓargo ke iya maye gurbinsu. Tsoho ko jariri mai numfashi da sauri, jiki a sake, hankali a gushe, TWBC 3,000, ya fi mai 20,000 da ke zaune yana magana shiga haɗari. Zayida ma a awoyin farko tana iya zuwa da 8,000. Haka nan TWBC mai kyau ba ya wanke mutum daga HIV ko tarin fuka, kowannensu da gwajinsa.

Mayar da ƙarancin gado ya zama cuta

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Akasarin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, Hausawa da Barebari da Fulani da makwabtansu, jajayen ƙwayoyin jininsu ba su da wata alama da ake kira Duffy. Rashinta kariya ce, domin ita ce ƙofar da maleriya nau'in bibaks ta fi bi ta shiga ƙwayar jini. Masu wannan gado niyutirofil ɗin da ke yawo a jininsu ba su kai na Turawa yawa ba, alhali ɓargonsu yana aiki daidai, kuma ba su fi kowa kamuwa da cuta ba. Iyakokin da ke cikin littattafai da na'urori kuwa akasari daga jinin Turawa aka samo su. Sakamakon haka, lafiyayyen saurayi daga Mai Wurno zai je gwajin neman aiki ko na tafiya ya fito da TWBC 3,400, niyutirofil 1,300, a ce masa garkuwarsa ta yi rauni. Wasu har a kai su ga huda ƙashi don ɗiban ɓargo ba gaira ba dalili, wasu a jinkirta musu maganin da suke buƙata.

Kafin a ce na gado ne sai an cika sharuɗɗa. A maimaita gwajin sau biyu ko uku, da tazarar makonni, lokacin da mutum ba ya mura ko zazzaɓi. Hb da PLT su kasance daidai. Jinin da aka shafa a gilashi ya fito babu baƙuwar ƙwaya. Babu tarihin gyambon baki mai dawowa, ko marurai a kai a kai, ko rama, ko kumburin saifa. Babu maganin da yake sha mai rage ƙwayoyin. Idan duk an cika, kuma niyutirofil suna sama da 1,000, mafi yawan lokuta babu abin yi sai adana takardun don a nuna wa duk likitan da za a gani nan gaba. Babu abinci ko bitamin da zai ɗaga wannan lambar, babu kuma buƙatar ɗaga ta. Inda bitamin ke da amfani shi ne ƙarancin B12 ko folik asid, shi ma yana da alamarsa a takarda: Hb ƙasa, MCV, wato girman jajayen ƙwayoyi, sama da 100.

Kada kuma a fake da gado a yi sakaci. Ga matakan da likitoci ke bi a kan ainihin adadin niyutirofil: 1,000 zuwa 1,500 ƙaranci ne mara tsanani, 500 zuwa 1,000 matsakaici, ƙasa da 500 mai tsanani. Ƙasa da 500 ba a taɓa jingina shi ga gado. Mai irin wannan adadi idan zafin jikinsa ya kai 38, ana son allurar mudad ta shiga jijiyarsa cikin awa guda, ba a jiran safiya. A nan mudad ceton rai ne. Magungunan da suka fi jawo haka su ne na sankara, da karbimazol na masu maƙoƙo mai guba, da metotirekzet, kulozafin, karbamazafin, kuloramfenikol, Septrin, da Novalgin. Mai shan karbimazol da ya tashi da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ya tsayar da maganin ya yi CBC a ranar. Mai sikila da ke shan haidiroksiyuriya kuwa ana sa ran lambarsa ta ɗan sauka, shi ya sa ake bin sa da gwaji a kai a kai don daidaita yawan maganin.

Wuce iyosinofil ba a duba ba

Sama da 500 ya yi yawa, sama da 1,500 yana neman bincike ko mutum ba ya jin komai. A ƙasar da yara ke wanka a magudanan ruwan Jazira da Rahad da Suki da Sabuwar Halfa, tsargiya ce abin fara nema: a gwada fitsarin tsakar rana da bayan gida, fiye da sau ɗaya. Sai tsutsotsin ciki masu ratsa tsoka, da asma, da borin jini, da maganin da jiki ya ƙi. Jardiya da amiba ba sa tayar da iyosinofil, don haka ganinsu a bayan gida bai amsa tambayar ba, a ci gaba da nema. Kuma kada a ba mai yawan iyosinofil kotizon kafin a kawar da zaton tsutsa, akwai nau'in da ke bazuwa ko'ina a jiki idan an danne garkuwa.

Tsoron sankarar jini inda ba ta, da rashin ganinta inda take

TWBC 13,000 ko 16,000 tare da Hb da PLT masu kyau a jikin mai zazzaɓin kwana uku ba hoton sankara ba ne. Cuta mai tsanani kaɗai tana iya kai lambar 30,000, wani lokaci har ta haura 50,000, kuma tarin shiƙa yana cika jinin yaro da limfosait. A ɗaya gefen, sankarar jini mai saurin tafiya tana iya zuwa da lamba sama, ko daidai, ko ƙasa. Abin da ke tona ta shi ne layukan da ke kusa: Hb na faɗuwa, PLT na faɗuwa, ga kasala, da tabon jini a fata, da zubar jini a dasashi, da ciwon ƙashi, da kaluluwa. Mai tafiyar hawainiya kuma sau da yawa a gwajin yau da kullum ake tsintarta: lamba ta kai dubu hamsin ko ɗari da babbar saifa, ko dattijo da limfosait ɗinsa suka zauna sama da 5,000 wata uku ba su sauka ba. Nau'in da ake kira CML yau ana riƙe shi shekaru da ƙwayar imatinib, don haka jinkiri ne abin gudu. Duk lambar da ta haura 30,000 ba tare da dalili bayyananne ba, ko layuka biyu suka lalace tare, ko aka rubuta blast a takarda, wato ƙwayoyin jini da ba su nuna ba, a nemi likitan jini cikin kwanaki. Sama da 100,000 kuwa a ranar.

Kuskuren da ke faruwa kafin jini ya isa na'ura

Kwalbar CBC ita ce mai murfi ruwan shanshanbale, da sinadarin EDTA a ciki. A cika ta zuwa layin da aka zana, a juya ta sama da ƙasa a hankali sau takwas zuwa goma nan take, ba girgizawa ba. Idan aka yi jinkiri jinin ya fara daskarewa, gudan zai riƙe ƙwayoyi, TWBC da PLT su fito ƙasa da gaskiya. Kwalbar da aka ga guda a cikinta zubarwa ake yi a sake ɗiba. Kada a ɗebi jini a hannun da dirib ke shiga, ruwan yana tsinka shi, komai ya fito ƙasa. Idan daga yatsa ne, a share ɗigon farko, kada a matse yatsan da ƙarfi.

Zafi ma yana lalata ƙwayoyin. An fi so a gwada cikin awa shida, gilashin dubawa kuma a shafa shi cikin awa biyu ko uku. Idan dole a ajiye, firiji mai digiri 2 zuwa 8, kada a wuce awa 24, kada kuma ya daskare. Kwalbar da ta yi tafiyar rabin yini a aljihu ko gaban mota cikin zafin Afrilu, rabe-rabenta ba abin dogaro ba ne.

Akwai kuma abin da na'ura ke ƙirgawa a matsayin farar ƙwaya alhali ba ita ba ce. A jinin jarirai da masu sikila akan samu jajayen ƙwayoyi da ba su gama nuna ba, NRBC, tsofaffin na'urori suna haɗa su cikin jimilla. Gyaran: a ƙirga nawa ne a kan kowace farar ƙwaya 100 a gilashi, a ninka jimillar da 100, a raba da 100 haɗe da wannan adadin. Idan na'ura ta ce 18,000 aka ga NRBC 20, sai a raba 1,800,000 da 120, a samu 15,000. PLT da suka dunƙule ma suna iya ƙara wa lambar, su kuma nasu adadin ya fito ƙasa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, rashin wuta da na sinadarai ya mayar da wurare da yawa ga ƙirgen hannu. Hanya ce ingantacciya idan an bi ƙa'ida: jini mililita 0.02 cikin ruwan Turk mililita 0.38, a cika gilashin Neubauer ba tare da kumfa ko ambaliya ba, a bar shi minti biyu ya kwanta, a ƙirga manyan murabba'ai huɗu na kusurwa, a ninka da 50. Ƙwaya 140 ta ba da 7,000, ƙwaya 156 ta ba da 7,800. Bambancin ƙwaya 16 ne kacal a ƙarƙashin madubi, kuma ko mutum ɗaya ya ƙirga jini ɗaya sau biyu zai iya samun irinsa. Wanda ya ga 7,000 jiya da 7,800 yau kada ya ce ciwo ya ƙaru.

Haɗa sadid na fitsari da TWBC na jini, da yawan maimaita gwaji

Ƙwayoyin mugunya, wato sadid, da ake rubutawa a gwajin fitsari fararen ƙwayoyi ne su ma, amma lissafinsu daban: 0 zuwa 5 a kowane filin madubi shi ne daidai. Mace na iya samun ciwon mafitsara da sadid mai yawa alhali TWBC ɗinta 6,000, hakan bai ƙaryata ciwon ba. Sau da yawa kuma yawan sadid daga yadda aka tari fitsarin ne; a yi tsarki da ruwa, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalba mai tsabta, a kai cikin awa guda.

Game da maimaitawa, gwajin CBC ba ya buƙatar azumi. Lambar takan ɗan fi ƙasa da safe ta ɗan hau da yamma, don haka mai son kwatanta sakamako biyu ya yi su a ma'amal ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, bayan ya zauna ya huta minti goma ko sha biyar. Ƙaramin hawa ko sauka bayan mura ko zazzaɓin bairas, mako biyu zuwa huɗu ake ba shi kafin a sake dubawa, ba kwana biyu ba. Wanda ya gama maganin ciwon huhu ya warware ba ya buƙatar ƙarin allura don kawai lambar ta tsaya a 11,500. A bayan kowace takarda a rubuta kwanan wata, da rana ta nawa ce ta zazzaɓi, da sunan duk maganin da aka sha ko aka yi allurarsa cikin mako biyun da suka wuce, har da na gargajiya da na ƙiba, mace kuma ta rubuta watannin cikinta in tana da shi.